Hannun Buba da Matatar Iskar da Na Zaɓa

Duk wanda ka tambaya a Baturiya zai gaya maka raƙumi ne ya cinye hannun Buba a ƙasar Oman, kuma Buba bai taɓa gyara musu zancen ba. Gaskiya ne raƙumi ya cije shi, a gabana aka yi. Amma cizon kaɗai bai kai a yanke hannu ba. Abin da ya kai ga yankewa shi ne awa bakwai da muka yi cikin rairayi, a tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Waɗannan awoyi kuwa ni na jawo su, tun wata uku kafin ranar, a wani shagon kayan gyara, lokacin da aka jera mini matatar iska iri uku aka ce in zaɓa. Zan faɗi abin daki-daki, yadda ya faru.

Sunana Bukar. A Haɗeja aka haife ni, sana'ata gyaran injin ban ruwa, wadda na gada wurin mahaifina. Buba makiyayi ne daga Baturiya, ya girme ni da kusan shekara ashirin, kuma ban san shi ba sai da wakilin da ya yi mana takardu ya haɗa mu a jirgi ɗaya. Da ya ji sunana sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Babarbare? To alhamdu lillahi. Allah ya ba ni bawa mai ɗaukar mini jaka."

"Wace jaka, ɗan Fulani?" in ji ni. "Ai ƙwarya ce da sanda."

Mahaifiyata Babarbariya ce, tsakaninmu da Fulani kuwa akwai wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba a fushi. A kan wannan muka zauna tun daga ranar.

Zangon farko filin jirgin Maskat ne. An gaya mini zan riƙa gyaran janareta a wani otal. An gaya wa Buba zai kula da shanun madara a gona mai rumfa da fanka. Wani mutum ya tarbe mu riƙe da kwali mai sunayenmu, ya yi mana maraba da fara'a, ya ce mu kawo fasfo a buga hatimi. Ya karɓa, ya sa a aljihun gaba, ya ɓalla maɓalli. Ina kallo, ina jira ya nufi wani ofis. Mota ya nufa.

Aka kai mu wani ɗaki a bayan gari, mutum goma sha ɗaya a ciki, katifu a ƙasa. Wani ɗan Ghana mai jin Hausa ya tambaye ni aikin da na zo yi. Da na ce otal, sai ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki, ya fassara wa sauran, su ma suka ɗauka.

"Ɗan'uwa, kowa a ɗakin nan otal aka ce masa. Wancan na kwance ma manaja aka ce masa."

Ban yi dariya ba. Na zauna a bakin katifa ina tuna fuskokin mutanen da suka yi mini fara'a tun daga Kano har zuwa nan. Kowannensu ya san inda za a kawo ni. A ɗakin nan na kafa wa kaina doka, cewa daga yau duk baƙon da ya ba ni shawara yana murmushi, akwai abin da yake so ya ci a jikina. Na ɗauka hankali na yi.

Kwana tara muka yi a wurin, sannan wata farar a-kori-kura mai manyan tayoyi ta zo ta ɗauke mu biyu.

Zango na biyu hanya ce. Awa uku muna yin kudu tsakanin baƙaƙen duwatsu tsirara, ko tsiro babu. Buba ya manna goshi a gilashi, can ya ce, "Bukar, shanun ƙasar nan dutse suke ci?" A garin ƙarshe direba ya tsaya ya sauka, ya shiga sace iskar tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na yi tsalle na riƙe masa hannu, na ɗauka ya zare ne. Ya ture ni yana dariya, ya nuna gaba. Kwalta ta ƙare a gindin wani jan tudu.

Na taɓa ganin tudun rairayi a wajen Yusufari, saboda haka na ɗauka na san rairayi. Wannan wani abu ne dabam. Tuddai ne jajaye, kowanne ya fi bene tsawo, ɗaya bayan ɗaya har inda ido ya tsaya, motar na hawa tana gangarawa kamar kwalekwale a tsakiyar ambaliya. Ƙwayar rairayin kuma ba irin ta bakin kogi ba ce. Laushi gare ta kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Za ka rufe gwangwanin sukari gam, ka naɗe shi da leda, gobe ka ji rairayi a haƙori. Na lura da wannan tun makon farko. Ban haɗa shi da komai ba.

Zango na uku garke ne. Raƙuma arba'in da 'yan kai cikin shingen waya, da tankin ruwa, da ɗakin kwano guda. Muka tarar da Rafik, wani dattijo ɗan Bangaladash da ya shekara shida a wurin. Mai garken, wanda ma'aikata ke kira Arbab, wato maigida, mutum ne mai sanyin murya. Ya ba mu dabino da gahawa da hannunsa, ya ce fasfunanmu suna gidansa cikin aminci. Ba ya zuwa sai bayan mako biyu, ya kawo abinci da dusa. Kafin ya tafi ya ja ni bayan ɗaki, ya yaye tamfol daga kan wani babur mai ƙafa huɗu, ya nuna ƙirjina da yatsa ya ce, "Makaniki."

Babur ɗin nan shi ne ƙafarmu. Da shi ake koro raƙumin da ya yi nisa, da shi ake hawa dogon tudun da waya ke samun sabis, kuma idan wani abu ya faru, shi kaɗai zai fitar da mutum zuwa kwalta. Rafik ya nuna mini hanyar sau biyu: awa ɗaya da rabi, rana a kafaɗar dama in da safe ne.

Buba bai taɓa kiwon raƙumi ba, amma cikin wata guda sun san muryarsa. Ya raɗa musu sunayen shanunsa na gida, yana yi musu magana da Fillanci suna bin sa. Ran Juma'a in na hau da shi dogon tudu ya kira gida, sai ya gama tambayar shanu ɗaya bayan ɗaya kafin ya tambayi mutane. Ni ne na kasa sabawa. Abin da ya fi damuna shiru ne. A gida, war haka, bakin kogi ya cika da ƙarar injuna, da ihun masu korar tsuntsu a gonakin shinkafa, da warin taɓo. A nan in iska ta kwanta sai ka ji bugun jininka a kunne. Na rage cin abinci. Rafik ya lura. Wata rana ya kwance wani ƙulli daga ƙasan akwatinsa, ƙananan busassun kifi ne da aka aiko masa daga gida, ya soya da barkono, ya turo mini kwanon. Bai kama ƙafar bandar Haɗeja ba. Na cinye har na suɗe kwanon.

Ba a yi wata biyu ba babur ya fara shaƙewa. In an ba shi wuta sai ya yi kamar mai tari, baƙin hayaƙi na fita. Na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kujera na zaro matatar iska, wato abin da ke tace iska kafin ta shiga inji. Ta takarda ce mai ninki-ninki, ta toshe ta yi nauyi kamar bulo. Na buga ta a jikin taya, yadda muke yi, sai ta yage. Da Arbab ya zo, ya ɗauke ni zuwa gari in zaɓi wata.

Dole in tsaya nan in bayyana wani abu, don kada a ɗauka jahilci ne kawai. A fadamar Haɗeja injin ban ruwa a bakin ruwa yake zama, kan ɗanyar ƙasa, iskar da yake shaƙa ta biyo ta kan kogi da ganyen shinkafa. Mafi yawan injunan da ake kawo mini gyara ba su da matata ko kaɗan. Manomi yakan cire ta tun makon farko ya jefar, ya ce inji ya fi jan ruwa, kuma injin ya yi shekaru yana aiki. Mahaifina ya koya mini gwaji ɗaya tak: ka kafa baki ka hura. In iska ta wuce ba wahala, matata ce mai kyau. In ta tokare, shaƙe inji take yi. Na yi shekara goma sha biyar a kan wannan, ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki saboda shi.

Mai shagon wani tsoho ne ɗan Balucistan, gemunsa ja da lalle. Larabcinsa a karye yake, nawa kuma na Islamiyya ne, muka cike sauran da hannu. Arbab ya bar ni ya tafi sayen dusa. Tsohon ya jera uku a kan kanta.

Ta farko irin wadda ta yage ce, ta takarda. Ya nuna mini cewa tana tacewa da kyau, amma a rairayi takan cika da wuri, ba a wanke ta, ba a buga ta, sai dai a jefar a sa sabuwa. Ta biyu ja ce mai sheƙi, auduga tsakanin ragar ƙarfe, a kwalinta da hoton mota tana tashi sama. Ya ce wannan ta masu gudu a kan kwalta ce. Ta uku soso ce kawai, hawa biyu, na waje mai manyan ƙofofi, na ciki mai ƙanana. Ya ajiye mata wata kwalba ta shuɗin mai mai danƙo, da wata riga kamar safa da ake sa mata a waje. Ya dafa ta ya ce, "Ramal," wato rairayi. "Wannan."

Na ɗauki ta takardar na kafa baki na hura. Da ƙyar. Na ɗauki soson da ya riga ya shafa wa mai don nuni, na hura, mai ya maƙale mini a leɓe, iska na fita kamar numfashin mai asma. Na ɗauki jar. Iska ta wuce fuu, kamar ba komai a gabana.

"Wannan," in ji ni.

Tsohon ya girgiza kai. Ya karɓe ta daga hannuna, ya fita da ni ƙofar shago, ya ɗaga ta saitin rana. Na ga ɗigo-ɗigon haske ta cikin audugar, ƙanana kamar bakin allura. Ya sunkuya ya ɗebi rairayi a bakin ƙofa, ya murza tsakanin yatsu ya bar iska ta kwashe, ya sake nuna mini hasken. Ba abin da ya rage bai faɗa ba, kuma na fahimce shi sarai. Sai dai yana yi yana murmushi. Ga shi soson nan ba ya tafiya sai da kwalbar mai, kwalbar in ta ƙare sai an dawo wurinsa. Na ce a raina, ga wani kuma. Na gaya masa ni makanike ne tun ina yaro. Ya dube ni jim, ya sa jar a leda ya miƙo mini.

Babur ya tashi da wani irin ƙarfi da ban taɓa jin yana da shi ba. Na haye dogon tudu a guje na dawo, Buba na tsaye da sanda a kafaɗa.

"Kai, ashe bawan nan nawa yana da amfani. Zan ƙara maka fura."

"Fura a ina? Ko nonon raƙumi ba ka iya tatsa ba tukuna."

"Na iya. Barebari ne ba na ba, kada su yi wayo."

Mako shida yana haka. Sannan ya fara wuyar tashi da safe. Sai shuɗin hayaƙi a salansa. Sai baƙin mai ya riƙa raguwa, ina ƙarawa duk bayan 'yan kwanaki. Kowace alama na gan ta, kuma kowace na ba ta ma'anar da na saba ba ta a gida: inji ba ya samun iska. Na wanke matatar da fetur na shanya, wanda hakan ya wanke ɗan man da aka shafa mata tun daga kamfani. Ƙarfi bai dawo ba. Wata safiya na cire ta gaba ɗaya na rataye a ƙusa a bayan ɗaki. Rafik ya gani. Ya nuna akwatin da babu komai a ciki, ya nuna ƙasa. Na ce masa ba matsala.

Kwana goma sha biyu babur ya yi yana shaƙar rairayi tsagwaronsa.

Lokacin sanyi ne a wurinsu, lokacin da amale, wato babban raƙumin garke, ke barbara. Yakan yi kumfa a baki, yana gurnani, ba ya gane kowa. Ranar da abin ya faru, da hantsi, Buba ya shiga shinge ya kwance wata taguwa da igiya ta sarƙe wa ƙafa. Ina waje ina cika komin ruwa. Ban taɓa sanin raƙumi na da sauri haka ba. Wuyan nan ya sauko kamar bulala, ya cafki hannun daman Buba ƙasa da gwiwar hannu, ya ɗaga shi sama ƙafafunsa na lilo, ya girgiza shi kamar tsumma. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashi. Rafik ya kwaɗa wa amalen shebur a hanci, ya sake shi.

Buba bai yi ihu ba. Yana zaune a ƙasa yana kallon hannun, yana cewa, "La ilaha illallahu," a hankali, kamar mai tambaya. Jini na tsartuwa. Na yanki igiya na ɗaure sama da gwiwar hannu, na sa sifana na murɗa har jinin ya tsaya. Sai da na ja igiyar tayar da babur sau bakwai kafin ya tashi. Muka ɗora Buba a bayana, Rafik ya ɗaure mu tare da rawani, ya rataya mini galan ɗin ruwa. A kan dogon tudu na kira Arbab. Yana wani gari mai nisa. Ya ce motar asibiti ba ta shiga rairayi, zai sa ta jira mu inda kwalta ta ƙare.

Minti arba'in na farko mun yi tafiya. Buba ya kwantar da kai a bayana, ina jin numfashinsa.

"Bukar."

"Na'am, Baffa."

"Baffa? Yau ni ne Baffa? To lalle mutuwa zan yi."

"Ba za ka mutu ba. Wa zai riƙa yi mini bauta?"

"Tuƙa dai, ɗan banza."

A tudu na gaba, mai tsawo, ga nauyin mutum biyu, na ba shi wuta har ƙarshe. Injin ya yi wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙarfi ya zube. Muka tsaya a tsakiyar hawa, muka silalo da baya zuwa cikin kwari, ya mutu. Na ja igiya. Ba ta motsa ba. Na sa hannu biyu na ja. Kamar an ɗaure ta a jikin dutse. Duk makanike ya san ma'anar wannan: fistin ya kama, inji ya buga. Na zaro sandar gwajin mai. A bushe take, sai wani jan abu mai kauri a bakinta. Na murza shi a yatsa, na ji garas-garas.

Na tsaya riƙe da sandar. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

Na kwance Buba na kwantar da shi a gefen babur, na yi masa inuwa da rawani, na ba shi ruwa. Na hau tudun da ƙafa, duk taku biyu rairayi ya mayar da ni ɗaya. A sama babu sabis. Na hau na gaba, babu. Na uku, babu. Tsoron in ɓace masa ya kama ni, na bi sawuna na dawo kafin iska ta shafe. Azahar ta yi, ta wuce. Yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi, farcen ya koma toka-toka. Na sassauta igiyar da na ɗaure hannun sau ɗaya, jini ya ɓalle, na mayar. Ya daina wasa. Yana ta magana da Fillanci da wani wanda ba ya wurin, lokaci-lokaci ya tambaye ni da Hausa ko ruwa ya janye daga mashaya, ko an tsallakar da maruƙa. Na ce an tsallakar.

Daga ƙarshe na cire kujerar babur na hau da ita tudu, na zuba mata fetur. Na yagi rigata na jiƙa da fetur, na haɗa wayoyin batir har suka yi tartsatsi ƙyallen ya kama, na ruga da shi sama. Baƙin hayaƙi ya miƙe.

Bayan la'asar na ji ƙarar mota. Wata tsohuwar a-kori-kura ta leƙo ta saman tudu, ta gangaro kai tsaye kamar a fili take, awaki uku a baya. Direban ya buɗe ƙofa, sai na ga mace ce, dattijuwa daga makiyayan rairayin, fuskarta rufe da wani baƙin abu mai tsini a kan hanci, ƙafarta ba takalmi. Na tsaya baki buɗe. Ba ta tambayi ko mu su wane ne ba. Ta dubi hannun, ta dubi rana, ta daka mini tsawa in ɗauko shi. Ta yi tuƙin da har yau ban ga irinsa ba, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya dafe da kafaɗar Buba kada ya faɗi, tana ta ce masa, "Ya waladi," wato ɗana, alhali zai yi sa'anta. Motar asibiti ta gaji da jira ta tafi. Dattijuwar ce ta kai mu har ƙofar asibiti. Kafin in fito in yi godiya ta juya da awakinta. Ban san sunanta ba.

Likitan ya tambaye ni ƙarfe nawa na ɗaure igiyar. Na faɗa. Ya dubi agogo, ya cire tabarau. Ya ce ɗaurin ne ya ceci ransa, kuma ɗaurin ne ya kashe hannun. Ya ce da mun iso cikin awa biyu, da aikin ƙashi ne kawai da ɗinki, sun saba da cizon raƙumi. Washegari aka yanke, sama da gwiwar hannu kaɗan.

Zango na ƙarshe kafin gida shagon tsohon nan ne. Arbab ya sa an jawo babur, ya kai ni in tsaya a kan gyara. Tsohon ya kwance kan injin a gabanmu. Ya kama yatsana ya zura cikin silinda. Wurin da ya kamata ya yi santsi kamar madubi ya zama kamar an bi shi da samfefa, layi-layi daga sama har ƙasa. Zoben fistin ya cinye ya koma kamar reza. Bututun da ke kai iska, wanda ya kamata ka shafa farin ƙyalle ya fito fari, jan kunu ne a ciki, rairayi da mai. Duk shekarun da na yi ina buɗe injuna ban taɓa ganin ƙarfe ya ci haka cikin wata uku ba. Ya buɗe akwatin matata. Babu komai. Ya ɗago ya dube ni.

Arbab ya tambaye shi me ya faru. Na jira. Tsohon ya goge hannu da tsumma ya ce, "Inji ya tsufa. Rairayi." Ya rufe akwatin.

Da Arbab ya fita amsa waya sai ya ɗauko soson nan. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya zuba mai cikin leda, ya sa soson, ya matsa a hankali har ko'ina ya yi shuɗi, ya nuna mini matsawa ake yi, ba a murɗawa, kada ya yage. Ya shafa giris a bakin da ke haɗuwa da akwati, don kada iska ta sami hanya ta gefe. Ya sa masa safar. Ya ce kullum a cire safa a kakkaɓe, in soson ya yi datti a wanke a sake mai, kuma a ajiye na biyu a shirye cikin leda. Sannan ya miƙo mini ya ce in hura. Na ƙi. Ya ce, "Hura." Na hura, da ƙyar iska ta wuce. Ya gyaɗa kai. Abin da ke tsayar da numfashina shi ne ke tsayar da rairayi. Na koya wa Rafik duk wannan kafin in bar garke, saboda wanda za a kawo bayana.

Tsohon ba zai faɗi laifina ba, Rafik ma haka. Buba kuwa ya riga ya yanke nasa hukuncin: raƙumi, da tsohon babur, da ƙaddara. Arbab ya kawo fasfunanmu biyu a leda har asibiti, ya ce in raka Buba gida. Da na yi shiru, da shi ke nan.

Na bari sai ranar da aka sallame shi, a ɗakin da aka ajiye mu muna jiran jirgi. Yana zaune a kan katifa yana koyon cin shinkafa da hagu, rabi na zuba.

"Baffa, akwai maganar da zan faɗa maka."

"In ta aure ce, ba na ba Babarbare 'yata."

"Babur ɗin nan ba tsufa ne ya kashe shi ba. Ni ne."

Na faɗa masa duka. Matata uku, da hasken rana, da tsohon, da ƙusar da na rataye ta. Ban rage ba, ban kuma nemi uzuri ba. Tun a tsakiya ya ajiye cokali.

"Tsohon ya gaya maka?"

"Ya gaya mini."

"Ka gane abin da ya ce?"

"Na gane."

"Sai ka kafa baki ka hura."

"E."

Ya dubi dungulmin da ke naɗe da bandeji, ya daɗe yana kallo.

"Da ka bar ni da raƙumin, Bukar. Raƙumi dabba ne, tun a asibiti na yafe masa na gama da shi. Yanzu ka ba ni aiki."

Ya juya ya fuskanci bango.

Kwana biyu bai ce mini uffan ba. In na kawo abinci ya ci, in na yi magana ya dubi taga. Lokacin salla sai ya fita shi kaɗai ya yi ta fama da buta, yana matse ta tsakanin gwiwoyi, ruwa na zuba a wando. In na taso sai ya ɗaga mini hannu in koma.

Rana ta uku, ranar tafiya, la'asar ta yi. Ina bakin ƙofa, shi yana tsugune gaban famfo a tsakar gida, butar ta kife a karo na biyu. Ya tsaya yana kallonta tana tsiyaya.

"Kai," in ji shi, bai waiwayo ba. "Tsayawa za ka yi kana kallona har magariba?"

Na zo na cika butar na tsuguna a gabansa. Na zuba masa ya wanke tafi, ya kurkure baki, ya shaƙa, ya wanke fuska. Da aka zo damtse sai ya miƙo mini hannun hagun, daga yatsu har gwiwa, don ba shi da abin da zai cuɗa shi da shi. Na zuba ruwa, na kama na fara cuɗawa. Ban san na matsa da yawa ba.

"A hankali," in ji Buba. "Shi kaɗai ya rage."